Wa Ya Ambaci Wa? Tarihin Sikelin Da Ake Auna Masana Da Shi

Mai karatu, ka taɓa daurewa ka zauna har ƙarshen fim, ka karanta sunayen nan da ke hawa sama bayan jarumi ya samu jaruma an gama? Na san da wuya. Da an kai nan kowa miƙewa ya ke yi. Amma je ka tambayi mai ɗaukar hoto ko mai haɗa sauti ka ji. Waɗannan 'yan daƙiƙun su ne jarin sa, domin da su zai nemi aiki gobe. Furodusa ya kuskura ya manta sunan sa, to ranar akwai rigima a masana'anta.

A duniyar malaman jami'a ma haka abin ya ke, har ma ya fi tsanani. Duk maƙalar ilimi ta na ƙarewa da jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su, wato manazarta. Lokacin da na ke rubuta kundin kammala difloma ta, ba abin da ya fi ba ni haushi kamar malamin da ke duba ni ya ja jan biro a gefen takarda ya rubuta, "Wa ya faɗa?" A lokacin na ɗauka neman wahalar da ni kawai ya ke yi. Daga baya na gane ashe wannan jerin na ƙarshe an mayar da shi sikeli, kuma da shi ake auna mujallu da malamai da jami'o'i, har da ƙasashe. Tarihin wannan sikelin na ke so mu bi yau.

Mu a nan mun saba da isnadi: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga tushe. Manazarta ma baya ta ke kallo. Abin da ya daɗe ya na gagarar masu bincike shi ne kallon gaba. Ka karanta wata maƙala da aka buga shekara ashirin da su ka wuce, ta yaya za ka san su wa su ka zo daga baya su ka gaskata ta, ko su ka ƙaryata ta? Kada ka je ka gina gida a kan harsashin da tuni wani ya rushe.

Lauyoyi ne su ka fara samo maganin abin. A 1873 wani mai sayar da littattafan shari'a a birnin Chicago na Amurka, Frank Shepard, ya fara buga wasu ƙananan takardu masu gam a baya. Kowace na ɗauke da jerin shari'o'in da su ka ambaci wani tsohon hukunci. Lauya zai saya ya liƙa a gefen shafin littafin sa, da ya buɗe sai ya ga ko hukuncin nan na nan daram ko wata kotu ta soke shi. Sana'ar ta karɓu har sunan Shepard ya zama kalmar aiki a bakin lauyoyin Amurka.

Su kuwa ma'aikatan laburare, talauci ne ya kai su ga ƙirga. Mujallun kimiyya sun yi yawa, kuɗin saye kuma kaɗan. A 1927 wasu masana biyu masu suna Gross a Kwalejin Pomona da ke California su ka ɗauki fitowar shekara guda ta babbar mujallar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka, su ka ƙirga mujallun da aka fi ambata a ciki, su ka ce ƙaramin laburare ya fara da sayen waɗannan. A 1934 kuma Samuel Bradford na laburaren Gidan Tarihin Kimiyya da ke Landan ya nuna cewa a kowane fanni 'yan mujallu ƙalilan ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na maƙalun da ake nema, sauran kuwa sun warwatsu a mujallu barkatai. Ka riƙe wannan da kyau: asalin ƙirgar nan don a taimaki mai sayen mujallu aka yi ta. Ba wanda ya kawo zancen auna mutum.

Yanzu ga jarumin fim ɗin namu. Sunan sa Eugene Garfield, an haife shi a New York a 1925. Ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Columbia, daga baya ya koma ilimin laburare. Ya na aiki a wani shirin bincike na laburaren likitanci a Jami'ar Johns Hopkins sai wani tsohon mataimakin shugaban kamfanin Shepard, William Adair, ya rubuto masa wasiƙa a 1953 ya na ba shi labarin dabarar lauyoyi. Nan take Garfield ya ga abin da ya ke nema. A 1955 ya buga maƙala a mujallar Science ya na kira da a yi wa kimiyya irin wannan kundin.

Ba a yi rububin karɓar shawarar ba. Garfield ya koma neman na abinci da wata 'yar mujalla mai suna Current Contents, wadda ba komai a cikin ta sai shafukan "abin da ke ciki" na sababbin mujallu. A wani tsohon ɗakin kaji da aka gyara a jihar New Jersey ya fara aikin. Wanda ya ɗaga shi shi ne Joshua Lederberg, masanin ƙwayoyin gado da ya ci kyautar Nobel a 1958, wanda ya ƙarfafa masa gwiwa har aka samu tallafin gwaji a fannin sa. A 1960 Garfield ya raɗa wa kamfanin sa na Philadelphia suna Institute for Scientific Information, ISI a taƙaice, a 1964 kuma ya fara fitar da Science Citation Index a kai a kai.

Ka san yadda abin ya ke? Manyan kundaye ne masu ƙananan rubutu kamar tururuwa. Ka nemo sunan marubuci da shekarar maƙalar sa, a ƙasa sai ka ga jerin duk waɗanda su ka ambace shi. Ma'aikata ne ke zama su na shigar da manazarta ɗaya bayan ɗaya a katin kwamfuta mai huji. A 1973 aka yi na kimiyyar zamantakewa, a 1978 aka yi na adabi da fasaha.

To, da ya ke ba zai yiwu a saka kowace mujalla ta duniya ba, dole a yi zaɓe. Garfield da abokin aikin sa Irving Sher su ka ƙirƙiro wani lissafi da su ka kira Impact Factor, mu ce ma'aunin tasiri. Lissafin ba wuya. A ɗauki maƙalun da mujalla ta buga a shekara biyu da su ka gabata, a ƙirga sau nawa aka ambace su a bana, a raba da yawan maƙalun. Misali, in mujalla ta buga maƙala 100 a shekara biyun, aka ambace su sau 250, makin ta 2.5 ke nan. An yi rabawar ne don kada babbar mujalla ta danne ƙarama da yawan shafuka kawai. Daga tsakiyar shekarun 1970 ISI ya riƙa buga wannan maki duk shekara a Journal Citation Reports.

Daga nan kuɗi ya shigo. Kamfanin Thomson ya sayi ISI a 1992, a 1997 aka hau da kundin intanet da sunan Web of Science. A 2016 aka sayar da sashen da ke ɗauke da shi a kan dala biliyan 3.55, ya koma kamfanin Clarivate. Ka ga inda ɗakin kaji ya kai! Kishiyoyi ma sun shigo gidan. A watan Nuwamba 2004 kamfanin Elsevier ya ƙaddamar da Scopus, a cikin watan kuma Google Scholar ya bayyana, shi kyauta. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h na auna mutum ɗaya: in ka na da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, makin ka 10. Kai ma da ba ka taɓa shiga laburaren jami'a ba, ka na cin gajiyar dabarar kullum. Tsarin da Larry Page da Sergey Brin su ka gina Google a kan sa a 1998 ɗan'uwan wannan ne: shafin da shafuka masu daraja su ka fi nunawa, shi ke hawa sama.

Ina gizo ke saƙar? Sikelin da aka ƙera don auna mujalla sai hukumomin jami'a su ka ɗauke shi su na auna mutane. Ba sai kwamiti ya karanta aikin ka ba, a duba makin mujallar da ta buga shi kawai. Kamar a ce duk ɗan wasan da ya fito a fim ɗin babban kamfani gwani ne, ko da kuwa wucewa kawai ya yi ta bayan jarumi da tire a hannu. Garfield da kan sa ya sha jan kunne kan haka kafin rasuwar sa a 2017.

Dalili kuwa a fili ya ke. A kusan kowace mujalla, 'yan maƙalu kaɗan ne ke kwashe yawancin ambato, su ja makin sama. Ga misali mai ban dariya. Mujallar Acta Crystallographica Section A makin ta bai wuce 2 da ɗoriya ba a 2008. A lissafin 2009 sai ga ta dab da 50, ta wuce Nature da Science. Me ya faru? Maƙala guda ce ta George Sheldrick kan wata manhajar kwamfuta, wadda duk mai amfani da manhajar ke ambata. Da shekara biyun ta su ka wuce, mujallar ta dawo gidan jiya. Sannan ambato ba ya nufin yabo. Wanda ya ambace ka don ya ce ka tafka kuskure, shi ma maki ya ƙara maka.

Kuma duk inda aka kafa sikeli, sai an samu masu algus. An kama editoci na matsa wa marubuta su ambaci mujallar su, an kama mujallu na musayar ambato tsakanin su, kuma duk shekara akan dakatar da wasu daga jerin. A Sin jami'o'i sun riƙa biyan tsabar kuɗi ga wanda ya buga a babbar mujalla, har gwamnati ta hana a 2020. Ga kuma mujallun bogi da ke karɓar daloli su buga komai ba tare da tantancewa ba, waɗanda wani ma'aikacin laburare a Colorado, Jeffrey Beall, ya riƙa tona wa asiri a jerin sa har ya rufe shi a 2017. Gajiya da wannan ce ta sa wasu editoci da masana su ka tsara Sanarwar San Francisco a Disamba 2012, su na kira da a daina auna mutum da makin mujalla.

Yanzu za ka ce, to mu 'yan fim da masu karanta littattafai ina ruwan mu? Ruwan mu na nan tsundum. Waɗannan kundaye sun fi karkata ga mujallun Turanci na Turai da Amurka, kuma mafi yawan mujallun da sassan Hausa na jami'o'in mu ke bugawa ba sa ciki. Jami'o'i da dama kuma su na neman malami ya buga a mujallun da ke Scopus kafin ƙarin girma. Don haka malamin da ya san finafinan mu ciki da bai, in ya rubuta da Hausa don mu karanta, sikelin bai gan shi ba. In ya rubuta da Turanci a waje, ya samu maki, mu kuma da aka yi rubutun a kan mu ba mu gani ba. Maƙalar Brian Larkin ta 1997 kan finafinan Indiya da littattafan soyayya na Kano ta zaga duniya, kuma ta cancanta, amma ba ingancin ta kaɗai ya kai ta ba, har da inda aka buga ta. Shi ya sa ƙoƙari irin na African Journals Online, da aka fara a 1998 don fito da mujallun Afirka a intanet, ke da muhimmanci.

Sai dai kafin mu ga laifin Bature, mu duba namu. Ɗauko littattafan Hausa goma na kasuwa daga cikin kwalin yayar ka, ka duba nawa ne ke da shekarar bugu. Nawa ne a cikin finafinan mu su ka rubuta sunan littafi ko fim ɗin Indiyan da aka ɗauko labarin daga ciki? Mai bincike ba zai iya ambaton abin da ba shi da kwanan wata ba, kuma abin da ba a ambata ba, a hankali mantawa ake yi da shi. Marubuciya, ki sa shekara da garin da aka buga littafin ki. Furodusa, ka rubuta sunan mai labari, ka ajiye kwafi mai kyau. Kai kuma mai kallo, a fim na gaba ka ɗan daure ka karanta sunayen nan kafin ka miƙe.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.