Daga Tafireta zuwa Laftof: Tarihin Sana'ar Buga Rubutu a Yammacin Kano

Kafin zuwan boko, rubutu a garuruwan yammacin Kano irin su Durun da Kabo da Gwarzo aikin alƙalamin kara ne da tawada, kuma malamin da ke rubuta wasiƙa da ajami shi ke fiƙe alƙalaminsa yadda ya dace da hannunsa. Buga rubutu da na'ura ya biyo mulkin Turawa ne, bayan cin Kano a 1903 da buɗe makarantar Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a Nasarawa a 1909, inda aka soma horar da waɗanda za su riƙe ofisoshin En'e. Daga nan aka sami akawu, kuma tare da shi aka sami tafireta, wato keken rubutu, wadda ta daɗe tana zaune a ofishi da kotu da gidan waya kafin ta shiga hannun 'yan kasuwa.

Na'urar ta zo da tsarinta a shirye. Jerin haruffan da ake kira QWERTY, saboda haruffa shida na farkon layin sama, ya fito ne daga aikin Ba'amurke Christopher Sholes, kuma kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta mai ɗauke da shi a 1874. An tsara shi domin Ingilishi, shi ya sa ba a tanadi gurbin ɓ da ɗ da ƙ ba, waɗanda rubutun Hausa ya ɗauka a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, bayan an daɗe ana nuna waɗannan sautuka da ɗigo ko da waƙafi. Maɗaba'ar da ta fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 tana iya mallakar haruffan dalma masu ƙugiya, amma akawun gunduma ba shi da wannan gata, sai dai ya buga k ko d ya bar wuri, idan ya zare takardar ya bi ta da biro yana lanƙwasa kawunan haruffan ɗaya bayan ɗaya, domin kada ƙafa ta koma kafa. Irin wannan dabara ce aka yi wa alamar naira bayan 1973: a buga N, a koma baya, a ɗora mata alamar daidai.

Abin da ya fi tasiri a hannun mabugi shi ne nauyin na'urar. Kowane maɓalli a tafireta sanda ce ta ƙarfe wadda sai an doke ta da ƙarfi kafin ta tashi ta bugi ƙyallen tawada, kuma idan ana son kwafi uku ko huɗu da takardar kabon, dole dukan ya ratsa har ta ƙarshe. Aikin sitensil ya fi haka wuya, wato takarda mai kakin da ake hudawa da haruffa a ɗora a injin Gestetner domin fitar da takardun jarrabawa da sanarwar hukuma, domin idan bugun ya yi sanyi harafin ba zai fito ba, idan kuma ya wuce kima sai cikin o ya ɓule ya zama baƙin tabo. Makarantun koyon akawanci sun koyar da ajiye yatsu takwas a layin tsakiya da bugawa ba tare da duban hannu ba, ana auna gwaninta da yawan kalmomi a minti guda. Wanda ya fito daga wannan horo yana gane harafi ya shiga ne ta ƙara da kuma turjiyar ƙarfe a yatsa, ba ta ido ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya yawaita sakatariyoyi, buƙatar bugaggiyar takarda kuma ta sauko kusa da talaka. Mutumin Durun, wadda a yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo, idan yana neman takardar rantsuwa ko ta shaidar ɗan ƙasa ko yarjejeniyar cinikin gona, yakan nufi inda masu tafireta ke kafa tebur a bakin kotu da sakatariya, a Gwarzo ko Kabo ko cikin birni. Kwamfutar tebur ta ture su sannu a hankali, shagunan buga takardu masu janareta suka maye gurbin teburan, sannan laftof, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, ta sami karɓuwa saboda batirinta na riƙe aiki idan an ɗauke wuta.

A nan ne zaɓin hannu ya zama abin magana. Maɓallin laftof ba ya nutsewa fiye da milimita ɗaya zuwa biyu, yana zaune a kan ɗan kofin roba da wasu 'yan sanduna biyu masu giciye kamar almakashi, don haka tsohon akawu yakan doke shi fiye da buƙata, kuma yakan fifita na'urorin ofis masu zurfin maɓalli irin ThinkPad, wadda IBM ta fitar a 1992 kafin Lenovo ta saye sashen a 2005. Matashin da ya koyi rubutu da manyan yatsu biyu a fuskar waya bai damu da zurfi ba, taushi da rashin ƙara yake nema. Ba a ƙasar Hausa kaɗai wannan saɓani ya tsaya ba, domin siririn kibod ɗin da Apple ya shigo da shi a 2015 ya sha suka a duniya saboda ƙwayar ƙura kan maƙale shi, har kamfanin ya soma janye shi a 2019, abin da mazaunin ƙasar da hunturu ke cika ɗaki da ƙura zai fahimta ba tare da dogon bayani ba. Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye a Kano na hannu ne, daga shagunan titin Beirut da makamantansu, saboda haka tsarin da mutum ya samu ya danganta da ƙasar da na'urar ta fito: na Ingila yana da alamar fam da dogon maɓallin shigarwa, na Amurka nasa a kwance yake, na Faransa kuwa, wanda aka saba da shi a Maraɗi da Damagaram, AZERTY ne, inda a da q suka yi musanyar wuri. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ɗaliban karkara da yawa a cibiyar jarrabawa suke fara taɓa kibod.

Matsalar ƙugiya dai ba ta gushe ba, ta sauya kama ne kawai. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lamba guda da dukkan kwamfutoci suka yarda da ita, ya ƙunshi haruffan Hausa tun farkon shekarun 1990, har da ƴ da Nijar ke amfani da shi a inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro fasalin haruffa mai suna Rabi'at domin marubuta. Amma laftof ɗin da ke kasuwa ba su da maɓallin da aka zana wa ƙ, sai an ɗora manhaja ko an haddace haɗin maɓallai, kuma mabugin da ake biya bisa yawan shafi ba ya ganin ribar ɓata wannan lokaci. Shi ya sa littattafan adabin kasuwar Kano da dama suka fito ba ƙugiya, kuma wayar hannu, wadda danna harafi da ɗan jinkiri ke fito da ɗan'uwansa mai lanƙwasa, ta fi laftof sauƙin rubuta Hausa daidai.