Zaure da ɗakin makullai: tarihin wata gardama kan imel

A taron iyayen ɗalibai na makarantar da ƴaƴana ke zuwa, darakta ya kawo shawara a sayi babbar kwamfuta guda. Ita za ta riƙa karɓar wasiƙun imel na makaranta, ita kuma za ta riƙe sunayen malamai da kalmomin sirrinsu, ta tantance wanda zai shiga ya duba maki ko ya gyara shi. Hujjarsa kuɗi ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Na ce ban yarda ba, sai dai a wurin bakina ya kasa kawo dalili yadda ya kamata. Shi ya sa na zauna in rubuta shi a natse, don gardamar ta girmi yawancin malaman da ke taron.

Na'urar imel zaure ce. Aikinta ta tsaya a bakin hanya ta amsa sallamar kowa, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, in ba haka ba wasiƙa ba za ta iso ba. Na'urar tantancewa kuwa ita ke riƙe da makullan gida duka. Haɗa su wuri guda daidai yake da rataye makullan a bangon zaure.

Ranar 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell a Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta a intanet, wadda aka sa wa suna tsutsa. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce Sendmail, manhajar kai wasiƙu ta lokacin, inda aka bar wata kafar gwaji a buɗe. Da ta shiga kwamfuta sai ta karanta jerin masu amfani da ita, wanda ke ajiye nan cikinta, ta yi ta cankar kalmomin sirri, sannan ta wuce zuwa wasu kwamfutocin da suka amince da wannan. An ƙiyasta ta kama kusan 6,000 cikin 60,000 da ke haɗe a lokacin. A watan ne aka kafa cibiyar CERT a jami'ar Carnegie Mellon, don a samu inda za a kai kuka in irin haka ta sake faruwa.

Manyan ma'aikatu sun ɗauki darasi, suka raba ayyukan. Ƙananan kuwa aljihu ne ke yi musu hukunci, kamar daraktanmu. Daga 1997 Microsoft ya riƙa sayar da Small Business Server, wanda ya zuba imel na Exchange da aikin tantancewa cikin akwati guda saboda ƙananan ofisoshi. Na 2011 shi ne na ƙarshe da ya zo haka. Abin da ke ba ni mamaki shi ne kamfanin da kansa, cikin jagororinsa, yana ba da shawarar kada a ɗora Exchange a kan na'urar tantancewa.

Shekarar 2021 ta nuna dalili. Ranar 2 ga Maris Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa na ramuka huɗu a Exchange, ya ce wani gungu da ya kira Hafnium, mai zama a Sin, ya riga ya soma amfani da su. Mahari ba ya bukatar kalmar sirri ko ɗaya: daga waje zai aiko da saƙo ya samu cikakken iko a kan na'urar. Dubun dubatan ma'aikatu abin ya shafa, har da majalisar dokokin Norwe da hukumar bankunan Turai. To ku duba bambancin. In na'urar imel ce kaɗai, an yi asarar wasiƙu, kuma ɓarawo sai ya ƙara wahala kafin ya kai ciki. In ita ce kuma mai makullai, daga shigarsa ya riƙe ma'ajiyar kalmomin sirri, yana iya ƙirƙiro wa kansa suna a matsayin shugaba. Gyaran yana toshe rami ne, ba ya korar wanda ya riga ya shiga. A watan Afrilu sai da FBI ta nemi izinin kotu ta shiga ɗaruruwan kwamfutoci ta cire kafofin da maharan suka bari.

Akwai kuma wata illa da duk malami zai gane. Gyara yakan bukaci a kashe na'ura a sake kunnawa. In ita ce ke ba kowa izinin shiga, wa zai yarda a kashe ta a makon cika maki? Sai a ce a bari sai hutu.

Ba na cewa rabawa ta gama magana. A 2019 wani mai bincike ɗan Holan, Dirk-jan Mollema, ya nuna cewa ikon da aka ba Exchange ya yi yawa, har ana iya bi ta kansa a kai ga makullan ko da na'urorin a rabe suke. Amma irin wannan ana iya rage shi ta hanyar rage ikon. A akwati guda babu abin da za a rage.

Abin da zan kai taro na gaba shi ne a bar imel a hannun kamfanin da aikinsa ke nan, kwamfutar makaranta kuma ta riƙe sunaye da maki ba tare da ta amsa sallama daga intanet ba. Darakta ya ce in zo da farashin hanyoyin biyu a rubuce, na kuwa soma tambaya.