Masu Saka Faifai da Gidajen Rediyon Kiɗan Karkara na Amurka

Duk wanda ya yi nufin bin salsalar kiɗan nan na mutanen karkarar Amurka da ake kira kantiri, wanda ya game duniya har muryoyin Jim Reeves da Don Williams suka zama sanannu a shaguna da tashoshin motar ƙasashenmu, wajibi ne ya fara da sanin cewa 'yan kasuwa ne suka gina gidajen rediyon da suka raine shi, kuma muradinsu na farko shi ne samun ƙofar shiga gidan manomi. A shekarar 1924 kamfanin Sears, wanda sana'arsa ita ce aika wa mutanen ƙauye kaya ta gidan waya, ya buɗe tashar WLS a Shikago, ya tsiri wani shiri na daren Asabar mai kwaikwayon rawar da manoma kan yi a rumbunan ciyawa. Shekara guda bayan haka wani kamfanin inshora na birnin Nashville, National Life, ya buɗe tasa tashar, WSM, domin wakilansa masu bin gida gida su sami abin buɗe hira kafin su kai ga zancen kuɗi.

Mutumin da ya haɗa tashoshin nan biyu shi ne George D. Hay, ɗan jarida daga Memphis, wanda ya yi sanarwa a WLS kafin a ɗauko shi zuwa Nashville, yana kiran kansa Tsohon Alƙali alhali shekarunsa ba su wuce talatin ba. Ranar 28 ga Nuwamba, 1925, ya zaunar da wani dattijo mai shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, gaban makirfo da gogensa irin na Turawa, ya yi ta kiɗa har sa'a guda, tun bai tashi ba saƙonnin waya suka fara shigowa. Wannan zama shi ne asalin shirin da aka raɗa wa Grand Ole Opry a 1927, wanda har yau ana yin sa. Manyan garin ba su yi murna ba, domin suna alfahari da birninsu a kan jami'o'i da ilmi, suna ganin kiɗan ƙauye zai zubar masa da mutunci. Shi kuwa Hay ya gane cewa ƙauyancin nan shi ne hajarsa, saboda haka ya ƙara masa gishiri: ya sauya wa ƙungiyoyin makaɗa sunaye zuwa na barkwanci, ya sa aka ɗauke su hoto da kayan noma da huluna na kaba, ko da yake shugaban ɗaya daga cikinsu, Humphrey Bate, cikakken likita ne da ya yi karatu a jami'ar Vanderbilt.

Dalilin da ya sa waɗannan tashoshi suka yi tasirin da ya wuce garuruwansu yana cikin ɗabi'ar matsakaicin zango, wanda da rana ba ya nisa, amma idan rana ta faɗi sai sautin ya daki wani ɓangare na sararin sama ya komo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan mil. Da WSM ta kai ƙarfin wat 50,000 a 1932, aka kuma kafa mata hasumiya mai tsawon ƙafa 878, sai ya zamana ana jin ta da dare a mafi yawan jihohin ƙasar. Zamanin kuwa na matsin tattalin arziki ne, cinikin faifan garmaho ya faɗi warwas, kuma a tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki. Don haka iyali kan yi tattalin batirin rediyonsu duk mako domin daren Asabar, maƙwabta su taru a gidan mai akwatin. Makaɗan da ke zuwa tasha da asuba sau da yawa ba a biyan su ko sisi. Ladansu shi ne a bar su su faɗi makarantar da za su yi wasa a daren nan, su kuma tallata ɗan littafin waƙoƙinsu. Ita ma tashar wani lokaci ba ta karɓar kuɗin talla a dunƙule, sai dai ta ɗauki kaso a kan kowace wasiƙar oda da ta iso, ko ta maganin tari ce ko ta 'yan tsakin kaji da ake aikawa a kwali; ta haka ake gane mai sanarwar da mutane suka amince da shi, domin buhun wasiƙu ba ya ƙarya.

Ba za a wuce wannan babi ba tare da ambaton John R. Brinkley ba, wani mai da'awar likitanci a jihar Kansas da ya tara dukiya da dasa wa maza wani sashe na jikin bunsuru da sunan maido musu da ƙarfi. Da aka ƙwace masa lasin likitanci da na rediyo, sai ya ƙetare kogin Rio Grande ya kafa tasha a Villa Acuña ta ƙasar Meksiko a 1931, inda dokar Amurka ba ta kai ba, da ƙarfin da ya ninka abin da aka halatta a gida sau da dama. Mutumin mayaudari ne, wannan babu saɓani a kansa. Amma daga tasharsa, XERA, aka riƙa jin iyalin Carter tun daga 1938, a tsakanin tallan maganin mura da na rinin furfura, kuma cikin yaran da suka kasa kunne a gonakin auduga na Arkansas har da Johnny Cash. A Teksas ma wani manajan kamfanin fulawa, W. Lee O'Daniel, da ya riƙa gabatar da makaɗa domin tallan garinsa, farin jinin da ya samu ya kai shi kujerar gwamna a zaɓen 1938.

Har zuwa wannan lokaci, mai sanarwa yana gabatar da mutane ne masu rai a gabansa, saka faifai kuwa ana ɗaukarsa aikin ƙaramar tasha marar hali, kamfanonin faifai ma suna buga gargaɗi a jikinsa cewa ba a yarda a watsa shi a rediyo ba. Abubuwa suka taru suka rushe wannan tsari. A 1940 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci cewa tashar da ta sayi faifai tana da ikon saka shi. A 1941 rikici ya ɓarke tsakanin gidajen rediyo da ƙungiyar marubuta waƙa ta ASCAP a kan kuɗin haƙƙi, tashoshi suka ƙaurace wa waƙoƙinta wata da watanni, suka koma ga sabuwar ƙungiyar da suka kafa, BMI, wadda ta buɗe ƙofa ga mawaƙan karkara da na baƙaƙen fata da tsohuwar ƙungiyar ke yi wa kallon raini. (A cikin wannan hargitsi ne Opry ta sallami DeFord Bailey, baƙar fata mai busa hamonika wanda ke kwaikwayon tafiyar jirgin ƙasa da bakinsa, ɗaya daga cikin taurarinta na farko, ya koma sana'ar goge takalma a Nashville.) Bayan Yaƙin Duniya na Biyu adadin tashoshi ya ninka cikin shekara biyar, talabijin ta janye manyan shirye-shirye da kuɗinsu, ƙaramar tasha kuwa ba ta iya ciyar da ƙungiyar makaɗa. Abin da take iyawa shi ne mutum ɗaya, da garmaho biyu, da tarin faya-fayai.

A nan ne mai saka faifai ya sami daularsa, kuma asalin daular abu ɗaya ne, watau ikon zaɓi. Babu wanda ke rubuta masa abin da zai saka. Yana buɗe ambulan da kansa, ya saurara, in waƙa ta kwanta masa ya maimaita ta sau uku a dare guda, in ba ta yi masa ba ya juya bayan faifan ya gwada. Nelson King na WCKY a Cincinnati, da Randy Blake na WJJD a Shikago, da Eddie Hill na WSM, kowannensu yana iya ɗaga mawaƙin da ba a sani ba cikin mako guda. Har mujallar Billboard ta ga ya wajaba, a ƙarshen 1949, ta buɗe jadawali na musamman na waƙoƙin da waɗannan mutane suka fi sakawa. Shi ya sa a 1960 Loretta Lynn da mijinta suka zuba faifanta na farko a mota suka yi ta bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, suna kwana a motar, ita kuma ta shiga ta tsaya a kan mai aiki har sai ya saka. Da yawa daga cikin manyan mawaƙan ma ta wannan kujera suka biyo: Jim Reeves mai sanarwa ne a KWKH ta Shreveport, Willie Nelson ya yi aikin a Teksas da jihar Washington, Waylon Jennings kuwa tun yana yaro yake yin sa a Littlefield kafin ya koma Lubbock.

Ba na cewa hukuncinsu kullum adalci ne. Inda duk iko ya taru a hannun mutum ɗaya, masu toshiyar baki ba sa rasa hanyar gidansa, kuma son zuciyar jama'arsa yana cikinsa. Kamfanin RCA ya san haka sarai, shi ya sa da zai fitar da faya-fayan Charley Pride na farko a 1966 ya aika da su tashoshi babu hoto, domin muryar ta riga launin fatar shiga kunne. A 1975 kuma tashoshi da dama suka ƙi saka waƙar Loretta Lynn a kan ƙwayar tsarin iyali. Sai dai wannan hani rarrabe yake. In wani ya ƙi a garinsa, na garin gaba yana iya sakawa, kuma waƙar ta sayu duk da haka.

A watan Nuwamba na 1952 WSM ta gayyaci masu saka faifai zuwa bikin cikar Opry shekara 27, kimanin ɗari suka amsa, taron ya zama na kowace shekara, suka kafa ƙungiyarsu. Ba su daɗe da haɗuwa ba guguwar Elvis Presley ta taso, tashoshi suka riƙa watsar da kiɗan karkara suna bin matasa. Tsoron mutuwar sana'a ya sa a 1958, daga ragowar ƙungiyar tasu, aka kafa babbar ƙungiyar kiɗan kantiri ta CMA, wadda da ta yi ƙidaya a 1961 ta tarar tashoshi 81 ne kacal a duk ƙasar ke saka wannan kiɗa dukan yini. Maganin da ta kawo ya yi aiki, amma da tsada. Ta shawo kan masu tashoshi da masu talla na manyan birane cewa mai sauraron kantiri ya bar gona, yana aiki a masana'anta, yana da albashi da mota. Sharaɗin kuwa shi ne a tsabtace tashar, a rage barkwancin ƙauye da karin harshen kudu, a taƙaita waƙoƙi zuwa jerin da daraktan shirye-shirye ya tsara. Kafin ƙarshen shekarun 1960 tashoshin sun haura 600, a 1973 har birnin New York ya sami tasa. Masu saka faifai suka ƙaru ƙwarai, zaɓin kuwa ya fara zamewa daga hannunsu zuwa ofis.

Inda tsohuwar al'ada ta fake shi ne tsakar dare, lokacin da manaja ke barci. Daga 1957 har zuwa 1972 Ralph Emery ya riƙe shirin dare na WSM, ƙofarsa a buɗe, mawaƙin da ya dawo daga tafiya ya hau bene da jitarsa ko da sabon faifansa, a zauna a yi ta hira ba tsari har asuba. A 1969 Bill Mack ya fara nasa a WBAP ta Fort Worth, a 1971 Charlie Douglas ya fara a WWL ta New Orleans, su biyun suna magana da direbobin manyan motoci da ke ratsa ƙasar cikin duhu. Direba ya tsaya shan mai ya buga waya ya ce ƙanƙara ta rufe hanya kaza, a sanar wa na bayansa. Matar wani ta roƙi a saka wa mijinta waƙa, a gaya masa yara suna lafiya. Wanda ya taso da shirin zaɓi sonka a gidajen rediyonmu ba ya bukatar a yi masa sharhin abin da ambaton suna a iska ke yi wa zuciyar matafiyi.

Abin da ya rage na ikon zaɓin masu saka faifai dokar sadarwa ta 1996 ce ta ƙarasa shi, domin ta ɗage iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, har kamfanin Clear Channel, wanda a da tashoshinsa ba su wuce 'yan gomiya ba, ya tara kimanin 1,200 cikin 'yan shekaru. Jerin waƙoƙi ya koma hannun masu ba da shawara da ke gwada gutsuren waƙa a kan zaɓaɓɓun masu saurare, kwamfuta kuma ta ba da damar mutum ɗaya ya naɗi maganarsa a wani birni a watsa ta a garuruwa da yawa kamar yana cikinsu.

A watan Maris na 2003, ana gab da yaƙin Iraƙi, jagorar mawaƙan Dixie Chicks ta faɗa a wani dandali a Landan cewa suna jin kunyar kasancewar Shugaba Bush ɗan jiharsu ta Teksas. A lokacin su ne kan gaba a kasuwar kantiri. Masu saurare da yawa sun fusata da gaske, amma abin da ya bambanta wannan karo da na 1975 shi ne yadda hanin ya sauko: kamfanin Cumulus ya ba da umurni daga hedkwata cewa dukan tashoshinsa na kantiri, sama da arba'in, su daina saka su har kwana talatin. A Colorado Springs wasu masu saka faifai biyu na wata tasha suka saka waƙoƙin duk da hanin da manajansu ya yi, aka dakatar da su daga aiki. A watan Yuli na shekarar aka kira shugaban Cumulus gaban wani kwamitin majalisar dattawa, Sanata John McCain, wanda shi kansa mai goyon bayan yaƙin ne, ya titsiye shi a kan wane ne ya yanke wannan hukunci, tashoshin ko hedkwata, shi kuwa ya amsa cewa daga hedkwata aka yanke shi.