Jayayyar da ta haifi karkatar da jijiya

Wani mai karatu ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne likitoci kan ɗebo reshen jijiya mai rai su jona wa ƙafar da ta saki, irin wadda akan gani ga yaran da allura ta taɓa musu babbar jijiyar ɗuwawu, har su riƙa jan tafin ƙafa. Gaskiya ne, amma aikin bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da aka kashe wata doguwar muhawara tsakanin hukama.

Tun zamanin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, aka yi maganar haɗa bakin jijiyar da ta yanke, sai dai sanin abin da ke wakana a cikinta ya jira har 1850, lokacin da Augustus Waller na Ingila ya yanke jijiyoyin harshe da maƙogwaron kwaɗi, ya tarar ɓangaren da ya rabu da tushensa yana ruɓewa, alhali wanda ke haɗe da tushen yana nan da ransa, wanda ya nuna masa cewa tsiro daga sama yake gangarowa. Ba a jima ba, a 1859, Philipeaux da Vulpian na Faransa suka ce atafau, guntun da aka yanke yana iya farfaɗowa da kansa. Kuma ko da yake Vulpian ya janye daga baya, Bajamushe Albrecht Bethe ya sake ɗaga wannan tuta a farkon ƙarni na 20, da hujjojin da suka ja malamai masu daraja zuwa mazhabarsa.

Wanda ya warware ishkalin shi ne Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, yaron da rashin ji ya sa mahaifinsa ya kai shi koyon aiki wajen wanzami, sannan wajen baduku. Da rinin azurfa da ya gyara a 1903, ya bi zaren jijiya ɗaya bayan ɗaya ta madubin bincike, ya ga sababbin zare suna tohowa daga tushe, suna lalubo hanya ta cikin tabo, suna shiga tsohuwar mazurarar da ta mutu. A ganina mutanen Bethe ba ƙarya suka yi ba, illa dai zaren da suka gani ya sulalo ne daga jijiyoyin maƙwabta, rininsu kuwa bai isa ya tona asirinsa ba.

A kan wannan ƙa'ida ta tohowa daga tushe aka gina komai. Jijiya na toho kimanin milimita 1 a yini, tsoka kuwa idan ta wuce wata 12 zuwa 18 babu saƙo, da wuya ta sake amsawa. Rauni a ƙugu kuma ya yi wa ƙwauri nisa. Don haka hikima ita ce a yanko reshe mai lafiya kusa da tsokar, a gajarta tafiyar. Christophe Oberlin ya shahara da wannan a damtse a birnin Faris cikin 1994, bayansa aka gangaro ƙafa, ana ɗebo reshe daga jijiyar sha-raɓa don ɗaga tafin ƙafa, ko daga ta cikin cinya don miƙe gwiwa. Na gwiwa ya fi ba da sakamako; na tafin ƙafa wani sa'in a dace wani sa'in a rasa, shi ya sa likitoci da yawa ba su saki tsohuwar dabarar sauya wa agarar tsoka mazauni ba, wadda Paul Brand ya yi wa masu kuturta aiki da ita a Indiya.