Rubutun Kano: Daga Alƙalamin Gamba Zuwa Haruffan Kwamfuta

Masana tarihin rubutu suna danganta asalin rubutun Kano da tsohon hannun Barno, wanda shi kuma yake da dangantaka da rubutun Magrib. Alamominsa sanannu ne ga duk wanda ya yi karatun allo: haruffa masu kauri da ƙusurwa, ɗigon fa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, sannan yamala bisa ruwayar Warshu.

Da injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, haruffan Larabci da ya zo da su na Gabas ne, idon almajiri kuwa bai saba da su ba. Saboda haka, tun daga wajejen shekarun 1950, 'yan kasuwar littattafai na birnin Kano suka ɓullo da wata dabara. Sai a ba marubuci aikin kwafe littafi da alƙalami da tawada, a ɗauki hoton shafukan, a buga dubbai, a baza a kasuwar Kurmi. Ta wannan hanya ce hannun magwanta irin su Sharif Bala Gabari ya shiga makarantu nesa da ganuwar Kano.

Zuwan kwamfuta ya sake tayar da matsalar, domin haruffanta na farko ba su san fa da ƙaf irin namu ba. A 2016 ne ma'aunin Unicode ya ware wa fa da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu. A 2017 kuma ƙungiyar SIL International ta fitar da jerin haruffa mai suna Alkalami, wanda Becca Hirsbrunner Spalinger ta zana bisa koyi da rubutun hannu na Kano.

Wannan ci gaba ne, domin mai rubuta ajami yana iya buga waƙa ko wasiƙa da siffar da jama'arsa suka sani. Amma akwai abin lura. Injin farko ya dogara da marubuci, har ya samar masa abin sawa a baka, na biyu kuwa ba ya bukatarsa. Haka kuma kowane gwani da irin jan alƙalaminsa, alhali kwamfuta siffa ɗaya take maimaitawa. Ya kamata jami'o'inmu su tattara hannuwan marubutan cikin birni, da sunayensu da silsilar malamansu, tun kafin 'yan baya su ɗauka cewa abin da ke cikin kwamfuta shi kaɗai ne rubutun Kano.