Fasahar Sadarwa da Ƙananan Manoma: Samun Waya da Iya Aiki da Ita

Fasahar sadarwa a harkar noma na nufin amfani da wayar salula, intanet, kwamfuta da rediyo wajen isar wa manomi hasashen yanayi, farashin amfanin gona, shawarar malaman gona da kuma kuɗi. A ƙasashe masu tasowa, inda akasarin gonaki ƙanana ne kuma malaman gona suka yi ƙaranci, amfaninta ya rataya kan abu biyu: samun na'urar, da iya sarrafa ta.

A Najeriya, inda layukan GSM suka fara aiki a 2001, babban gwajin da aka yi shi ne shirin tallafin noma na GES, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 2012, lokacin da Dakta Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. Manomin da aka yi wa rajista yakan sami saƙon tes da ke ba shi damar karɓar buhu biyu na takin zamani a rabin kuɗi daga dillalin da aka amince da shi. Manufar ita ce a rufe ƙofar masu karkatar da taki. Sai dai rashin sabis a ƙauyuka ya riƙa kawo tsaiko a wuraren rabo, wasu manoman ba su da waya, wasu kuma sai an karanta musu saƙon.

Wasu ƙasashe sun ɓullo wa irin wannan matsala ta wata hanya. A Habasha, layin 8028 da aka buɗe a 2014 kyauta ne: manomi ya kira, ya zaɓi harshe irin su Amharik ko Oromo, ya saurari shawara da murya, ba sai ya iya karatu ba. A Indiya, shirin e-Choupal da kamfanin ITC ya soma a 2000 yana ajiye kwamfuta a hannun wani manomi da aka horar, shi kuma ya duba wa maƙwabtansa farashi da yanayi. A Kenya, M-Pesa da Safaricom ya ƙaddamar a 2007 ya sa ana tura kuɗi da ƙaramar waya ba tare da asusun banki ba.

Manyan cikas sun haɗa da tsadar babbar waya da data, rashin wutar caji, ƙarancin ilimin karatu, da saƙonnin da ke zuwa cikin harshen da manomi ba ya ji. Mata manoma sun fi fuskantar wannan, domin sun fi maza ƙarancin mallakar waya.

Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne, fasahar ta fi isa ga ƙaramin manomi idan ta zo da murya, cikin harshensa, ta wayar da yake da ita, tare da wani na kusa da zai koya masa. In babu haka, saƙon taki ko hasashen damina zai iya shiga waya, amma bai kai gona ba.