TSOHON RALI NA BABA

'Yan uwana mata, kada ku ce ina ruwanmu da zancen keke. Ai mu ne masu kwance bakin zane idan na yaro ya lalace.

Na taso na tarar da Baba da baƙin kekensa Rali, ƙirar garin Nottingham na Ingila. Duk ƙarshen damina sai ya kifa shi a tsakar gida, ya kwance cibiyar ƙafar, ya ce, "Uwata, tara min faranti." Sai 'ya'yan boris su zubo ƙwal-ƙwal, tara ta kowane gefe a ƙafar baya. Ya wanke su da kalanzir, ya cusa giris, ya mayar ya ɗaure. Da haka keken ya kai mu makaranta mu duka.

Ashe dabarar tsohuwa ce. A 1869 wani Bafaranshe, Jules Suriray, ya yi rajistar sa boris a ƙafar keke, kuma a shekarar James Moore ya ci tseren Faris zuwa Rouen da irin wannan keke. Amfaninta, maimakon ƙarfe ya goga ƙarfe, sai ya mirgina kan 'yan ƙwallaye. Sai dai tana son kulawa. In aka bari ƙura da ruwa suka shiga, mazaunin boris ɗin ya rarake, cibiyar ta tashi aiki.

Wajen 1971 Phil Wood na Amurka ya fito da cibiya mai rufaffen boris. Wannan ba a ɗaure shi, ƙura ba ta shigarsa da sauƙi, in ya mutu a cire shi ɗungurungum a sa sabo. Madalla. To amma masu ƙira sun shiga gasar rage nauyi, wasu suna sa ƙananan boris masu saurin cinyewa.

Ni ganau ce. Kuɗin adashina na kwashe na saya wa ɗana mai ƙyalƙyali. Ba a shekara ba ƙafar ta fara lilo, mai gyara ya zaga kasuwa bai samu daidai lambarsa ba. Yaro ya koma tafiya a ƙasa.

Don haka 'yar uwa, kafin ki ba da kuɗi a sayo, aika a tambayi mai gyaran unguwarku: in boris ɗin ya mutu, akwai irinsa? Na Baba dai yana nan a zaure, jikoki na hawa.